Mutum Ɗaya, Murya Biyu: Tarihin Larurar Rarrabuwar Kai, Daga Fagen Bori Zuwa Asibitin Kware

Duk wanda ya tashi a Jega, ko a Firchin ne ko Kokani ko Magaji, da wuya a ce bai taɓa jin an ce "iska ta hau wance" ba. Yadda abin ke zuwa kusan iri ɗaya ne. Yarinya ko matar aure tana zaune lafiya lau, sai ta yanke jiki ta faɗi. In ta buɗe baki a ji wata murya daban, wani sa'in ma ta namiji, ta kira kanta da sunan da ba nata ba, ta gaya wa uwarta ko mijinta maganar da ba ta taɓa gaya musu ba. Can an jima ta farfaɗo, a tambaye ta, ta ce ita fa ba ta san an yi ba.

A gida sunan wannan abu aljanu ko iskoki. A littattafan likitocin ƙwaƙwalwa kuma akwai wata larura mai kama da shi ƙwarai, wadda suke taƙaita sunanta da DID. A nan za mu kira ta larurar rarrabuwar kai. Sanin tarihin sunayen nan biyu yana da amfani, domin sunan da aka ba abin shi ke yanke inda za a kai mai shi: gidan boka, zauren malam, asibiti, ko ɗakin da za a sa masa mari a ƙafa.

Mece ce larurar?

Kundin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya kafa sharuɗɗa. Dole a samu hali biyu ko fiye suna karɓa-karɓar ragamar mutum ɗaya, kowanne da irin maganarsa da motsinsa da yadda yake jin kansa. Waɗannan su za mu kira fuskoki. Dole kuma a samu giɓi a tunawa wanda ya wuce mantuwa ta yau da kullum: mutum ya tsinci kansa a kasuwa bai san yadda ya je ba, ko ya ga kaya a ɗakinsa bai tuna ya saya ba. Sai kuma abin ya kasance yana wahalar da shi ko yana ɓata masa aiki da zaman iyali. In ƙwaya ce ko farfaɗiya ta jawo, to ba wannan larurar ba ce.

Fuskokin nan ba mutane ne daban-daban da suka taru a jiki ɗaya ba. Mutum ɗaya ne wanda tunaninsa da tunawarsa da jin jikinsa suka kasa haɗuwa wuri guda. Kowa ma yana ɗanɗanar ƙaramin nau'in wannan rabuwa. Direban da ya tashi daga Jega ya isa Birnin Kebbi hankalinsa na can wani wuri, bai tuna garuruwan da ya ratsa ba, shi ma hannunsa da tunaninsa sun ɗan rabu. Bambancin kawai, nasa na ɗan lokaci ne kuma bai cutar da shi ba.

Akwai abu biyu a kundin da suka shafe mu kai tsaye. Ya ce a wasu al'ummomi ana bayyana sauyawar fuskokin a matsayin shigar aljanu. Ya kuma ce idan abin wani ɓangare ne na al'ada ko addinin da jama'a suka yarda da shi, to ba ciwo ba ne. Kafin likitoci su kai ga rubuta layukan nan an shafe fiye da shekara ɗari biyu ana ja-in-ja.

Doki da mahayi

Tun kafin a san asibiti, ƙasar Hausa tana da tsararren ilimi kan wannan yanayi, wato bori. A harshen 'yan bori mutum doki ne, mace goɗiya, iska kuma mahayi. Kowane iska yana da suna da gida da kiɗa da hali. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da tasbaha. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da kyauta da caca. Kuturu yana zuwa da yatsu a naɗe, yana magana ta hanci. Inna, wadda ake wa laƙabi da Doguwa ko Bafilatana, ita ake dangantawa da shanyewar jiki. Fremont Besmer, wanda ya zauna da 'yan bori da makaɗan garaya a Kano ya fitar da littafinsa a 1983, ya rubuta cewa iskokin suna zaune a birnin Jangare cikin gidaje goma sha biyu. In iska zai sauka, dokin yakan yi atishawa, kuma al'adar ita ce ba ya tuna abin da ya gudana.

Abin lura a nan shi ne girka. Wanda ya zo da ciwon da aka danganta da iskoki, ana killace shi kwanaki, a ba shi magani, a yi masa kiɗa har iskan ya bayyana kansa. Ba korar iskan ake yi ba, sasantawa ake yi da shi: a san sunansa, a san abin da yake so, a sa masa lokacin zuwa. Mutumin da a da yake faɗuwa ko'ina ba shiri, yanzu sai an buga garaya ko goge yake hawa. A ma'aunin likitoci na yau, na farko shi ne mai larura, na biyun kuwa ya shiga sahun abin da al'adarsa ta tsara.

Bori ya taɓa zama ɓangaren mulki ma. A Gobir, Inna, wadda 'yar gidan sarauta ce, ita ke shugabantar 'yan bori da matan ƙasa.

Gimbana, Kware da Jega

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sauya matsayin bori, kuma tartsatsin da ya kunna wutar a ƙasar Jega ya tashi. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta afka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu. Jama'ar Shehu suka kuɓutar da kamammun a kusa da Degel, daga nan aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan nasara Abdussalami ya zauna a Kware. A 1817 ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yaƙe shi, ya rasu a Bakura a farkon 1818. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega wajajen 1820.

Sabuwar daular ta ɗauki bori a matsayin shirka, amma shugabanninta sun gane cewa hani kaɗai ba zai raba mata da shi ba, tunda can suke samun magani da 'yan uwan hira. Nana Asma'u, 'yar Shehu (1793–1864), ta kafa 'Yan Taru, inda jajis ke zagaya ƙauyuka suna karantar da mata. Jean Boyd, wadda ta yi shekaru tana nazarin rayuwarta, ta nuna cewa malfar da ake naɗa wa jaji ta yi kama da ta Innar Gobir, wato an karɓe alamar aka sauya mata ma'ana. A 1839 Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma har gobe haka take: masu sasantawa da iska, da masu fitar da aljani da ayoyi.

Malaman Musulunci da kansu ba su jingina kowace faɗuwa ga aljani ba. Ibnul Ƙayyim, a Zadul Ma'ad, ya kasa farfaɗiya gida biyu: wadda ruhohi ke jawowa da wadda ke tasowa daga jiki, ya ce ta biyun aikin likitoci ce.

Iskokin da suka sa kaki

Wani abu da ya faru a maƙwabtanmu na Nijar ya nuna yadda iskoki ke tafiya da zamani. A 1925, a yankin Filinge, wata mata mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan wasu sababbin iskoki masu fareti da sara wa juna da ba da oda kamar sojan Faransa. Ana kiran su Hauka, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi kuma Babule. Kwamandan Faransa na Yamai, Croccichia, ya kama su ya kulle. Ba a jima ba shi kansa ya zama iska a cikinsu, ana ce masa Kwamanda Mugu. 'Yan ci-rani suka kai abin har Ankara ta ƙasar Gana, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim ɗin da ya fito a 1955.

Darasin da masu bincike suka ɗauka shi ne, fuskar da ke fitowa tana ɗinka rigarta da yadin da ta tarar a gari. Inda ake tsoron kwamanda, sai kwamanda ya fito. Za mu ga haka a Turai ma.

Yadda Turawa suka sauya wa abin suna

Su ma Turawa da shaiɗanu suka fara. A 1584 da 1585, a garin Mons na Beljiyam ta yau, limaman coci sun yi ta fama da wata mai hidimar coci, Jeanne Fery, wadda muryoyi masu sunaye daban-daban ke magana ta bakinta. Likitocin baya da suka karanta rahoton sun ga alamomin rarrabuwar kai a ciki.

A 1791 likita Eberhard Gmelin ya ba da labarin wata budurwa a Stuttgart ta Jamus, a lokacin da masu sarautar Faransa ke gudun juyin juya hali suna kwararowa garin. Takan rikiɗe ta koma Bafaranshiya, ta yi Faransanci tsaf, Jamusancinta ma ya koma irin na baƙo. In ta dawo ba ta tuna komai. A 1811 Mary Reynolds ta jihar Pennsylvania ta farka daga dogon barci ba ta san kowa ba, mai kunya ta koma mai barkwanci. A Bordeaux kuma likita Eugène Azam ya fara ganin Félida a 1858, ya bi ta shekara da shekaru, ya wallafa labarinta a 1876. Ita ta yi ciki a fuska ɗaya, ɗayar fuskar ba ta san da shi ba.

Wanda ya ba abin tushe na ilimi shi ne Pierre Janet, a littafinsa na 1889. Ra'ayinsa shi ne mummunan tashin hankali yana iya sa wani yanki na tunawa ya ɓalle ya riƙa aiki shi kaɗai. A ƙarshen 1890 aka kawo wani ɗan kasuwa asibitin Salpêtrière na Paris, wanda Janet ya kira Achille, yana zagin Allah da wata murya, yana cewa shaiɗan na cikinsa. Janet bai yi gardama da shi ba. Ya yi magana da "shaiɗanin", ya lallaɓe shi har mutumin ya shiga barcin da likita ke sawa, sai asiri ya fito: ya ci amanar matarsa a wata tafiya, nadama ta cinye shi. Da aka yi aiki a kan wannan nadamar, muryar ta tafi.

Bayan littafin Morton Prince na 1906 kan wata da ya kira Miss Beauchamp, sai maganar ta lafa. Eugen Bleuler ya fito da sunan sikizofireniya a 1908, aka riƙa zuba marasa lafiya da yawa a wannan kwandon. Da Taylor da Martin suka ƙirga a 1944, mutum 76 kacal suka samu a duk rubuce-rubucen likitoci.

Sybil da annobar Amurka

Fim da littafi ne suka farfaɗo da ita. A 1957 aka yi littafi da fim kan wata mata mai fuska uku da aka kira Eve. A 1973 Flora Rheta Schreiber ta fitar da Sybil, labarin mace mai fuska 16 da likita Cornelia Wilbur ta yi wa magani, aka mai da shi fim ɗin talabijin a 1976. Larurar ta samu gurbi nata a DSM-III a 1980. Cikin shekara ashirin, masu ita a Amurka suka tashi daga ɗaruruwa zuwa dubbai, yawan fuskokin mutum ɗaya ma ya yi ta hauhawa.

Daga baya ƙura ta tashi. An gano wasu masu magani suna amfani da allurar sa maye da tambayoyi masu jan baki har marar lafiya ya "tuno" abin da bai faru ba. A 1997 wata mata da ta kai ƙarar likitocinta na Chicago ta samu diyyar dala miliyan 10.6. A 2011 'yar jarida Debbie Nathan ta bi takardun Sybil, wadda sunanta na gaskiya Shirley Mason, ta fito da wasiƙar 1958 inda Mason ta rubuta wa likitarta cewa ba ta da wasu fuskoki, ƙirƙira ta yi. Likitar ta ƙi yarda, ta ce gudun magani ne. Tun a 1994 dai an sauya sunan larurar a DSM-IV, daga "mutane da yawa" zuwa "rarrabuwar kai", don a daina ɗaukar fuskokin kamar mutane masu zaman kansu.

Sumbuka

A daidai wannan lokaci arewacin Najeriya na cikin nata. A 1995 ɗaruruwan 'yan mata a makarantun sakandare na Kano suka riƙa faɗuwa, suna ihu, wasu na rawa irin ta finafinan Indiya. Sunan aljanar da ya fi fitowa shi ne Sumbuka. Susan O'Brien da Conerly Casey sun yi nazarin lamarin, sun nuna yadda ya zo tare da bunƙasar ruƙiyya, inda kaset-kaset na hira da aljanu suka cika kasuwa. A Nijar ma Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana aiki a Dogon Dutsi, ta rubuta kan 'yan makarantar da iskoki ke cewa ta bakinsu an sare itatuwan da suke zaune a kai don a gina azuzuwa.

A nan sai an yi hattara. Faɗuwar 'yan aji guda a mako ɗaya yawanci ba larurar rarrabuwar kai ba ce. Likitoci suna kiran wannan ciwon taro mai tasowa daga damuwa. Yana yaɗuwa ta gani da ji, ya fi kama makarantun kwana, yakan kuma lafa in an raba yaran an kwantar da hankali. An ga irinsa a Kashasha ta Tanganyika a 1962, inda dariya ta sa aka rufe makaranta. Larurar da muke magana a kai ta mutum ɗaya ce, tana ɗaukar shekaru, kuma masu ita sun fi ɓoyewa a kan nunawa.

Me bincike ya nuna?

Masana sun kasu biyu. Ɓangare na farko na cewa tushen abin azabar ƙuruciya ce mai maimaituwa, irin duka da fyaɗe da wulaƙanci, a shekarun da yaro bai gama haɗa kansa ba. Yaron da ba shi da wurin gudu sai ya gudu cikin kansa. Frank Putnam da abokan aikinsa sun duba mutum 100 a 1986, 97 sun ba da labarin irin wannan azaba. Raunin binciken shi ne labarin baki ne, ta hannun likitocinsu. Ɓangare na biyu, wanda Nicholas Spanos ya yi fice a cikinsa, na cewa rawa ce da ake koya daga al'ada da fim da bakin mai magani, ba tare da mutum ya yi niyyar ƙarya ba.

Gwaje-gwaje sun ba kowa nasa. Simone Reinders ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu larurar, ta ga aikin ƙwaƙwalwa da bugun zuciya suna sauyawa daga fuska zuwa fuska in an karanta musu labarin azabarsu, kuma masu lafiyar da aka sa su kwaikwaya ba su fitar da irin wannan hoto ba. Rafaële Huntjens kuma ta nuna cewa abin da fuska ɗaya ta koya yana tsallakawa zuwa ɗayar, ko da mai shi na jin bai sani ba. Ke nan katangar tana nan a yadda mutum ke ji, amma tana yoyo.

Binciken da ya fi kusa da mu na Yuganda ne. A 2010 Marjolein van Duijl ta kwatanta mutum 119 da masu maganin gargajiya suka ce iskoki ne ke damun su da wasu 71 na ƙauyukan da ba su da wannan matsala. Na farkon sun fi haɗuwa da munanan abubuwa a rayuwa, sun kuma fi nuna alamun rarrabuwa. Su kansu ba su danganta ciwon da abin da ya same su ba. Kundin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, ya ware gurbi daban ga hawan iska marar daɗi da ke zuwa ba da son mutum ba, kusa da gurbin rarrabuwar kai.

Kimiyya ba ta da awon da za ta tabbatar ko ta kore aljani, wannan fagen imani ne. Abin da take iya aunawa shi ne tarihin mutum da ƙwaƙwalwarsa da abin da ke sa ya samu sauƙi.

Komawa Kware

Garin da Abdussalami ya zauna, Kware, a yau nan ne asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yake, kuma can ake kai marasa lafiya da yawa daga Sakkwato da Kebbi da Zamfara. Sai dai ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Dokar mahaukata ta 1958, gadon ta 1916, ita aka yi ta amfani da ita har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa.

Haɗa hannu da masu maganin gida ba sabon abu ba ne. Farfesa Adeoye Lambo ya fara shi a ƙauyen Aro na Abekuta a 1954. A 2020 Farfesa Oye Gureje ya wallafa gwajin da aka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan asibitin matakin farko suka riƙa zuwa wurin masu maganin gargajiya da na addu'a suna duba masu taɓin hankali tare. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi.

Ga iyali, abu na farko shi ne a cire cututtukan jiki. Wata farfaɗiyar ba ta kayar da mutum, sai dai ya yi zuru, ya riƙa taunar baki, ya yi abin da ba zai tuna ba, kuma tana jin magani. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, tiramadol, da ruɗewar bayan haihuwa duk suna sauya mutum. In zazzaɓi ko sanƙarewar wuya na tare da abin, asibiti za a nufa a ranar. Na biyu, kada a doke shi, kada a ɗaure, kada a turara masa barkono, domin jikin da ake duka nasa ne. Na uku, a samu wanda ya yarda da shi ya tambaye shi a keɓe me ya same shi, musamman a jihar da ta ga sace ɗaliban Birnin Yawuri a Yunin 2021 da hare-haren 'yan bindiga. DSM-5 ya ce fiye da kashi 70 cikin 100 na masu wannan larura da ke zuwa asibiti sun taɓa yunƙurin kashe kansu, saboda haka in ya ambaci mutuwa kada a ɗauka aljani ne ke barazana kawai.

Babu ƙwayar da ke warkar da rarrabuwar kai. Maganinta zama ne da ƙwararre mataki-mataki: a fara samar da aminci da kwanciyar hankali, sannan a taɓa abin da ya faru a hankali, daga ƙarshe a taimaki mutum ya haɗa kansa ya koma harkokinsa. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba su hana ko ɗaya daga cikin matakan nan.

Mutanen wannan yanki sun riga sun san irin wannan tsari ta wani fannin. Aliero ta yi suna wajen ɗori, ana zuwa daga nesa, kuma a yau ba abin mamaki ba ne ka ga wanda ya karye ya biya asibiti an ɗauki hoton ƙashin kafin a ɗora. Ɗaliban kiwon lafiya na Jega da na jami'ar Aliero, waɗanda gobe su za su zauna a asibitocin Maiyama da ƙauyukanta, su ne za su fara karɓar yarinyar da aka ce iska ta hau ta. In sun auna zafin jikinta, su tambayi yadda faɗuwar take zuwa, sannan su nemi a ba su wuri su tambaye ta ita kaɗai abin da ke faruwa da ita a gida.